Giwar da Ta Tashi: Tarihin Wata Dabarar Kyamara a Waƙar "Earth Song"

A ranar 28 ga Disamba 1895, waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa, Auguste da Louis Lumière, suka tara mutane a ɗakin ƙasa na wani gidan shan gahawa a birnin Faris, suka karɓi kuɗin shiga, suka nuna musu hotuna masu motsi. Yawancin masana daga wannan rana suke fara lissafin tarihin silima. Shekara 100 cif bayan haka, watau a Disamban 1995, waƙar da ta fi kowace kasuwa a Ingila ita ce "Earth Song" ta mawaƙin nan na Amurka, Michael Jackson, wadda in muka mayar da sunanta Hausa sai mu ce Waƙar Duniya. Ta yi mako shida tana kan gaba, kuma bidiyonta yana cikin abubuwan da suka kai ta can. Abin da muke so mu bi diddiginsa a wannan maƙala shi ne wata dabara guda ta ɗaukar hoto da ta haɗa waɗannan shekaru biyu, da abin da ta iya yi wa mai kallo, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

A cikin gajerun finafinan da 'yan'uwan nan suka ɗauka wajen 1896 akwai wani da ya nuna ma'aikata suna rushe wani bango. Ana tura shi, ya faɗi, ƙura ta tashi, shi ke nan. Amma masu nuna fim na lokacin da hannu suke juya majigi, sai suka gano cewa in an juya zaren fim ɗin da baya, ƙura za ta koma, tubala su haɗu, bango ya miƙe tsaye kamar ba a taɓa shi ba. 'Yan kallo suka riƙa mamaki. Sirrin kuwa ba mai wuya ba ne. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake wucewa da su da sauri a gaban haske, kamar 16 a sakan ɗaya a wancan zamani, daga baya aka tsayar da shi a 24. Ido ne yake haɗa su ya ga motsi. To, in aka fara daga hoton ƙarshe aka nufi na farko, ido ba ya musu, haka zai haɗa su ya ga abin da bai taɓa faruwa a duniya ba.

Da farko wasa ne kawai, irin na 'yan dabo. Mutanen Rasha ne suka ɗauki abin da muhimmanci bayan juyin juya halin 1917. Wani malamin fim mai suna Lev Kuleshov ya nuna wa ɗalibansa cewa ma'anar hoto tana wajen abin da aka jera kusa da shi. Ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, aka ce yunwa yake ji, ya haɗa ta da akwatin gawa, aka ce baƙin ciki ne ya kama shi, alhali fuskar ɗaya ce. Ya kuma yi wani gwajin da ya fi shafar zancenmu. Ya ɗauki mutum biyu suna tafiya a unguwanni dabam-dabam na Mosko, ya sa hoton fadar shugaban Amurka a tsakani, mai kallo kuwa ya ɗauka duk wuri ɗaya ne. Watau almakashin mai haɗa hoto yana iya ƙirƙiro garin da babu shi a taswira.

A 1924 kuma Dziga Vertov ya fito da fim ɗinsa "Kino-Glaz", ɗan'uwansa Mikhail Kaufman yana riƙe da kyamara, matarsa Elizaveta Svilova tana haɗa hotuna. A cikinsa an bi nama daga kasuwa da baya har mayanka. A nan aka mayar wa sa da kayan cikinsa, aka mayar masa da fatarsa, ya miƙe da rai, aka kora shi da baya har garke. Manufar Vertov ita ce ya nuna wa talakawa inda namansu ya fito, don su riƙa saye a shagon haɗin gwiwa. Mai karatu ya riƙe wannan sa a ransa, domin kuwa za mu sake haɗuwa da shi bayan shekara 71, ya zama giwa.

Kafin nan sai da waƙa ta sami gida a talabijin. An buɗe tashar MTV a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981, tashar da a wancan lokaci aikinta dare da rana shi ne nuna bidiyon waƙoƙi. Michael Jackson yana cikin waɗanda suka mayar da wannan ɗan gajeren abu ya zama fim sosai, musamman da "Thriller" a 1983. A 1988 ya fitar da bidiyon "Man in the Mirror" wanda kusan dukkansa hotunan labarai ne na yunwa da yaƙi da zanga-zanga aka jera. A daidai waɗannan shekaru ne kuma zancen muhalli ya cika kunnen duniya. A Disamban 1988 aka kashe Chico Mendes, shugaban masu tatsar roba da ke kare kurmin Amazon a Birazil. Giwayen Afirka, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 1.3 a 1979, sun koma kamar 600,000 a 1989. A Yulin wannan shekara shugaba Daniel arap Moi na Kenya ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a gaban 'yan jarida, kafin shekarar ta ƙare kuma aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. A 1992 shugabannin duniya suka taru a Rio de Janeiro kan batun muhalli. A cikin wannan yanayi aka haifi "Earth Song", wadda ta fito a kundin "HIStory" na 1995.

Wanda ya ba da umarnin bidiyon shi ne Nick Brandt, Bature ɗan Ingila da ya karanci zane da fim a Landan kafin ya koma Amurka. An yi ɗaukar a wurare huɗu: kurmin Amazon, da ƙasar Tanzaniya, da yankin Karlovac a Kuroshiya, da wata gonar masara a Warwick ta jihar Niyok, inda aka shirya ƙonannen dajin da Jackson yake tafiya a ciki. Karlovac kuwa gari ne da ya kasance a bakin daga a yaƙin da ya biyo bayan wargajewar Yugoslabiya, daga 1991 zuwa 1995, saboda haka rusassun gidajen da ake gani na gaske ne. Mutanen Amazon da suka fito mazauna wurin ne. Hotunan dabbobin da ake kashewa kuma daga tsofaffin finafinan gaskiya aka ɗebo su.

Matsalar da ke gaban Brandt ita ce ta duk mai ba da labari: yaya za a haɗa mutanen da ba su san juna ba, ba sa jin yaren juna, masifarsu ma ba iri ɗaya ba ce, su zama labari ɗaya cikin kusan minti bakwai? Abin da ya yi a rabin farko shi ne ya tafiyar da kowane wuri a kan tsari ɗaya. Za a fara da ɗauka daga nesa, a nuna ɓarnar: itatuwa a kwance, giwa a mace an cire mata haure, titi cike da ɓaraguzai. Sa'an nan kyamara ta matso kusa da fuskar wanda ke kallon ɓarnar. Daga fuskar sai a yanka zuwa yadda wurin yake a da, da ɗanyen ganye da garken dabbobi da yara suna wasa. Babu wanda ya ce mana mutumin tunani yake yi. Mu da kanmu muka ɗora masa tunanin, don an jera fuskarsa da wannan hoto, kuma wannan shi ne darasin Kuleshov ba ragi ba ƙari. Motsin duk a hankali yake, irin wanda ake samu in an ɗauki hotuna da yawa a sakan ɗaya aka nuna su a kan 24, har tafiyar mutum ta yi kama da ta mai raka gawa.

Wurin da muka fi yaba wa aikin shi ne tsakiyarsa. Jackson ya durƙusa a ƙonanniyar gonar nan ya damƙi ƙasa da hannu biyu. Yanka: mutanen Amazon sun durƙusa. Yanka: mutanen Tanzaniya. Yanka: iyalin Kuroshiya. Hannaye ne kawai a cikin ƙasa, baƙi da fari, launin ƙasar ma dabam-dabam, amma motsin ɗaya ne, kuma kowace ɗauka tana karɓar motsin daga inda ta baya ta ajiye shi. Ido yana bin hannun, bai damu da cewa an tsallake teku ba. Nahiyoyi uku sun zama fili ɗaya, kamar yadda unguwannin Mosko suka zama ɗaya da Washinton. Marubutanmu masu tasowa da ke fama da labari mai rassa da yawa, waɗanda kan cika shafi da "a can kuma" da "mu koma wajen wane", ya kamata su zauna su kalli wannan wuri sau da yawa. Abu ɗaya da kowa ya riƙe a hannunsa ya isa ya ɗinke babi huɗu.

Daga nan iska ta taso, aka juya zare da baya. Itacen da aka sare ya tashi ya hau kututturensa. Hayaƙi ya koma cikin bututun masana'anta. Tankar yaƙi ta ja da baya. Wanda ya faɗi matacce ya buɗe ido. Giwar nan haurenta ya dawo, ta yunƙura ta miƙe. Ga bangon Lumière, ga kuma san Vertov.

Akwai wata gwaninta a nan da ba kowa ke lura da ita ba. Waƙa ba ta komawa baya. A daidai wannan wuri ma ƙara gaba take yi da ƙarfi, domin an ɗaga muryar kiɗan, Jackson ya bar rera waƙa a hankali ya koma kururuwa, yana jefa tambaya, ƙungiyar mawaƙan Andraé Crouch suna amsa masa da amshi ɗaya ba canji. Duk wanda ya saba da makaɗanmu da 'yan amshinsu ya san yadda irin wannan karɓa-karɓa ke ɗumama fage. To, bakin mawaƙin dole ya tafi gaba tare da sautin, alhali duniyar da ke kewaye da shi tana tafiya baya. Lokaci biyu ke nan masu saɓa wa juna a cikin fim ɗaya. Abin da ya rufe ɗinkin shi ne iska da ƙura. Ƙurar da guguwa ke kaɗawa, ko gaba aka nuna ta ko baya, ido ba ya saurin rarrabewa. Da yake kowane wuri cikin huɗun nan an cika shi da iska, sai mai haɗa hoto ya sami damar tsallakawa daga ɗauka mai tafiya gaba zuwa mai tafiya baya ba tare da mai kallo ya yi tuntuɓe ba. Yankan ma ya ƙara sauri, yana faɗawa a kan bugun ganga, ta yadda kafin hankali ya tambayi yadda matacciyar giwa za ta tashi, an riga an wuce da shi wani wuri.

Aikin ya karɓu. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya na waƙar a Ingila, ta kuma yi fice a ƙasashen Turai da dama, ko da yake a Amurka ba a fitar da ita kasuwa ita kaɗai ba. Bidiyon ya sami lambar yabo daga masu kare haƙƙin dabbobi, aka kuma sa shi cikin masu takarar Grammy a 1997.

Sai dai tun a lokacin akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba, kuma inda kyamara ta ajiye mawaƙin ne ya jawo. A duk tsawon guguwar, Jackson yana tsaye ya miƙa hannuwa dama da hagu yana riƙe da itatuwa biyu, ana ta komowa kansa bayan kowace mu'ujiza. A ƙa'idar Kuleshov, in ka jera mutum yana kururuwa da mataccen da ke tashi, ka ce shi ya tashe shi, ko ka faɗa da baki ko ba ka faɗa ba. Ga Turawa kuma, mutum mai miƙaƙƙun hannuwa tsakanin itatuwa hoto ne da suka sani a majami'unsu. A bikin ba da kyaututtukan waƙa na Birtaniya ranar 19 ga Fabrairu 1996, Jackson ya rera waƙar a dandamali, daga ƙarshe ya fito da fararen kaya yara suna zuwa suna rungumarsa. Wani mawaƙi, Jarvis Cocker na ƙungiyar Pulp, ya haura dandamalin ya yi masa izgili, ya ce daga baya abin da ya ɓata masa rai shi ne yadda mutum ke nuna kansa tamkar Almasihu mai warkarwa. 'Yan sanda suka tsare shi a daren, aka sake shi ba tare da tuhuma ba.

Mu a ganinmu akwai abin da ya fi wannan nauyi. Vertov da ya juya zarensa da baya, bin sawu ya yi: daga nama zuwa mahauci, daga mahauci zuwa garke, don a san hannun da abin ya bi. Brandt ya juya nasa, amma bai bi sawun kowa ba. Hauren ya koma bakin giwa kai tsaye, bai biya ta hannun dillali ba, balle kasuwannin Hong Kong da Japan inda mafi yawan hauren shekarun 1980 ya tafi. Itace ya miƙe, ba mu ga mai kiwon shanun da aka share kurmin dominsa ba, alhali kiwo ne ya ci mafi yawan filin da aka sare a Amazon. Akwai katafila da zarto da tanka, babu mai su. Gyaran ma babu wanda ya yi shi, durƙusawa aka yi aka yi kuka, iska ta zo ta gama aikin. A shekarar da ake kallon itatuwan nan suna tashi a talabijin, watau 1995, hukumar binciken sararin samaniya ta Birazil ta auna cewa an sare kimanin murabba'in kilomita 29,000 na kurmin, adadin da ya fi na kowace shekara tun da aka fara aunawa, fili da ya fi jihar Kano girma. A watan da waƙar ta fito kuma, ranar 10 ga Nuwamba 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa a Fatakwal, marubucin da ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Shi ya yi zancen gurɓata ƙasar Ogoni, ya kuma kama sunan kamfanin Shell da gwamnatin soja. Waƙar da ba ta kama sunan kowa ba kowace tasha tana iya sa ta.

Ba muna cewa mawaƙi ya zama mai gabatar da ƙara ba ne. Minti bakwai ba su ɗaukar komai da komai, kuma yaran da suka fara ganin giwa marar haure a wannan bidiyo ba su da iyaka. Amma kututturan da Jackson ke tafiya a tsakaninsu suna tuna mana da waɗansu na kusa da mu. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga wajen 1983, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututturan gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi su yi musu sassabe maimakon su ƙone su, abin da suke kira sassaben zamani. Bayan shekara 20 hotunan sama suka nuna cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, ana ƙiyasta su da miliyan 200. Nan itace ya tashi daga kututturensa da gaske. In za a yi fim ɗinsa, dabarar da ta dace ita ce kishiyar ta Brandt, a kafa kyamara wuri ɗaya a riƙa ɗaukar hoto guda duk wata, sa'an nan a nuna su a jere zuwa gaba.

Abin sha'awa shi ne yadda rayuwar Brandt kansa ta kasance bayan wannan aiki. Ya sake yi wa Jackson bidiyo, ciki har da "Stranger in Moscow" na 1996, amma tafiyar Tanzaniya ta riga ta shiga ransa. Daga farkon shekarun 2000 ya karkata ga hoto marar motsi, yana ɗaukar namun dajin Gabashin Afirka a baƙi da fari. Ya ƙi amfani da gilashin nan mai jawo nesa kusa da masu ɗaukar dabbobi suka dogara da shi, sai ya jira har dabbar ta yarda ya matso, ya ɗauke ta kamar yadda ake ɗaukar mutum. Littafinsa na farko, "On This Earth", ya fito a 2005.

Michael Jackson ya rasu ranar 25 ga Yuni 2009, yana cikin shirin wasannin Landan waɗanda "Earth Song" ke cikin jerinsu. A daidai lokacin farautar giwa ta sake ɓarkewa. Ƙidayar gwamnatin Tanzaniya, ƙasar da giwar bidiyon ta tashi, ta nuna giwayenta sun ragu daga kimanin 109,000 a 2009 zuwa 43,000 a 2014. Ɗaya daga cikin hotunan Brandt da suka fi shahara na wani babban toron giwa ne yana shan ruwa a Amboseli ta Kenya, wanda ya ɗauka a 2007. Mafarauta suka kashe wannan giwa a 2009. A 2010 Brandt da Richard Bonham suka kafa gidauniyar Big Life, wadda ke ɗaukar 'yan ƙabilar Masai na yankin aikin gadin daji a kan iyakar Kenya da Tanzaniya. A 2011 ya jera waɗansu masu gadin a busasshen tafkin Amboseli, kowanne riƙe da hauren giwar da aka kashe, ya ɗauke su hoto ɗaya.